Yadda kaluluwar wuya ta kai ni har ɗakin tiyata

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan abun amma hidimar yara da makaranta suka hana ni, sai jiya da maƙociyata ta shigo janye da yarinyarta wai dan Allah in taɓa mata wuyanta in ji, tunda yanzu a layinmu ni aka mayar likitar kaluluwa. Na taɓa nace su tafi asibiti kawai, bayan fitarsu nace to bari dai in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance tun daga farko.

Farkon sanyi ne, ina shafa mai bayan wanka sai naji wani ɗan abu a gefen wuyana na dama, ƙasan kunne kaɗan, girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ba zafi, ba ja, in na danna sai ya zille ƙarƙashin yatsa. Waye bai san kaluluwa ba, tun muna yara in ka yi tuntuɓe yatsa ya ɗuri ruwa sai ta fito maka a matsematsi kana ɗingishi, ko in mai kitso ta ja miki kai da yawa ta fito a ƙeya, kwana uku huɗu ta baje abunta. A satin kuwa anyi min shuku mai zafi, sai na ɗora wa kitso laifi na manta da zancen. Na tsefe kitson, na sake wani, na sake tsefewa, abu yana nan. Kuma mu mata hijabi yana rufa mana asiri har abun da bai kamata a rufe ba, ba wanda yake gani balle yace wance meye wannan a wuyanki.

Sai da aka yi kusan wata ɗaya na nuna wa Abban yara, yace in leƙa kemis ɗin bakin titi. Mai kemis ko taɓawa bai yi ba ya zuba min kafso na kwana biyar. Na shanye ba canji. Na koma ya bani sifro ya haɗa min da wasu ƙananan farare yace suna saukar da kumburi, wallahi kuma ta ɗan ragu har nayi ta sa masa albarka. Sati biyu da gamawa ta dawo, wannan karon da 'yan rakiya, suka zama uku sun manne da juna kamar an ɗaure su a ƙulli ɗaya, basa zillewa kamar da.

A lokacin ne kuma zazzaɓin yamma ya fara. Da safe garau nake in je makaranta in koyar, ana yin la'asar sai jiki ya mutu, kai ya yi nauyi. Sau uku ana min maganin maleriya, sau ɗaya na taifod. Cikin dare kuma, a tsakiyar hunturu kowa ya duƙunƙune cikin bargo, ni sai in farka rigata sharkaf da gumi har sai na canza. Abinci ya fita raina, zani ya fara min yawa, a makaranta har ana tsokanata wai maganin rage ƙiba nake sha a ɓoye.

Da Hajiya surukata ta gani tace wannan ai ba na asibiti bane, jifa ne, ko kuma mataccen jini ne ya taru, a kira wanzami ya tsaga ya kafa ƙaho a huta. Har ta aika a kira shi. Allah ya taimake ni Abban yara yace Hajiya kiyi haƙuri, wuya ne fa, jijiyoyi ne a wurin, a bari mu fara zuwa asibiti in basu gane ba sai a yi. Rubutu da tofi dai na sha kuma har gobe ina sha, wannan bani da matsala da shi, aska ce nake tsoro. Daga baya a layin karɓar magani na ga wata baiwar Allah da aka tsaga wa irin tawa, kusan shekara wurin bai rufe ba yana ta tsatsar ruwa, kullum da tsumma a wuya.

Asibitin unguwa suka tura mu babban asibiti, can ma likitan yana taɓawa ya rubuta mana takarda zuwa asibitin koyarwa, ɓangaren tiyata. Zancen yankar kati da neman fayil da fita tun asuba dan kama layi ba sai na faɗa ba, duk wanda ya taɓa zuwa ya sani.

Likitan da ya gan ni wani matashi ne mai haƙuri. Yasa aka auna ni, kilo 51, ni da nasan kaina a 58. Ya tambaye ni tun yaushe, akwai zafi, ina gumin dare, ina tari, jikina yana ƙaiƙayi, akwai wanda ya taɓa doguwar jinyar tari a gidanmu. Sannan ya kira nas mace ta tsaya, ya laluba wuyan gaba da baya, ramin da ke saman ƙashin wuya, hammata biyu, matsematsi, ya danna cikina ta hagu ƙarƙashin haƙarƙari yace in ja numfashi. Nace likita wuya ne fa ke damuna. Yayi dariya yace Malama ai duk gida ɗaya ne, saifarki nake dubawa.

Shi ya fara min bayanin da ban taɓa ji ba duk da nayi karatu har na zama malamar makaranta. Yace bayan jijiyoyin jini akwai wasu siraran hanyoyi a ko'ina cikin jiki, su ake kira hanyoyin limf. Jini in yana zagayawa kullum ruwa yana tsatsowa daga ƙananan jijiyoyi ya shiga tsakanin tsoka, yawancinsa yana komawa, amma wajen lita uku a rana yana saura, to waɗannan hanyoyin su ke kwashe shi kamar magudanar ruwa, su haura da shi su juye shi cikin babbar jijiyar jini a gindin wuya. Yace kin san ruwan nan garai-garai da ke fitowa in bororo ya fashe ko kin ɗan goge fata, to danginsa ne. Kuma shi ba shi da famfo irin zuciya, motsin tsoka da numfashi ke tura shi. A kan hanyar kuma akwai 'yan ƙananan matata kamar ƙwayar wake, wajen 600 a jikin mutum, sun fi taruwa a wuya da hammata da matsematsi da cikin ƙirji da ciki, cike suke da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Duk ruwan da ya zo sai sun tace shi kamar shingen bincike a hanya, in suka kama ɓarawo sai faɗa ya kaure wurin ya kumbura, shine muke cewa kaluluwa ta fito. Ashe ba fitowa take ba, dama tana nan tun haihuwa, kumbura take. Saifa da 'yan wuyan nan da ke kumbura wa yara duk 'yan gidan ne.

Sai yace mai zafi wadda ta biyo bayan ƙurji ko ciwon haƙori ko ciwon maƙogwaro bata cika damunsu ba, tana tafiya da kanta. Wadda ke hana su barci ita ce irin tawa, marar zafi, ta wuce sati uku huɗu tana ƙara girma, ga rama ga gumin dare. Yace abu biyu ne a gaba a ransa, tibi, wato cutar tarin fuka, ko kuma sankarar kaluluwa da suke kira limfoma, kuma ba mai iya bambance su da hannu ko da hoto, dole sai an ɗebi wani abu daga ciki an duba. Ni dai kalma ɗaya naji, sankara, sauran duk ta bayan kunnena suka bi.

Da na nuna masa ledar magungunan kemis kuwa fuskarsa ta canza. Yace sifro da danginsa suna ɗan taɓa ƙwayar tibi, su lafar da ita ba tare da sun kashe ta ba, sai gwaji ya yi wahala. Ƙananan fararen nan kuma firednisolon ne, shi in limfoma ce yana sa ta motse na ɗan lokaci har a yanka a duba a kasa gane komai. Wato raguwar da nake ta murna da ita ba sauƙi bane, ɓad da sawu ne. Yace daga yau ko fanadol zan sha in faɗa masa.

Aka jero min gwaje-gwaje, na jini, hoton ƙirji, sikanin wuya, gwajin kaki duk da da ƙyar na kakaro, da gwajin HIV wanda yace duk mai irin wannan kumburin ana yi masa, kar in ɗauka wani abu ake zargi. Ƙirji fes, kaki ba komai, HIV babu. Sai aka tura ni a zuƙo da allura. Wannan ba wani abu bane, siririyar allura ce ake sokawa cikin ƙullutun a ɗan jujjuya, a fesa abun da ya fito kan 'yan gilasai a shafe, ko minti biyar ba a yi ba, zafinsa bai kai na allurar maleriya ba. Bayan kwana takwas sakamako ya fito wai abun da aka samu bai isa a yanke hukunci ba. Ranar a cikin adaidaita nayi ta kuka har mai mashin ɗin yana bani haƙuri bai ma san me akai min ba.

Saura ɗaya kenan, a ciro kaluluwa guda sukutum. Aka bani rana, sati biyu.

Zaman layin ɓangaren tiyata ya koya min abun da ko likita bai koya min ba. Akwai wani dattijo da ƙafarsa ɗaya ta zama kamar turmi, fatar ta yi kauri ta yi kirci, tundurmi kenan, ya zo ne a yi masa aikin gwaiwa. Ni duk rayuwata na ɗauka tundurmi taka sammu ake yi, ashe sauro ne ke ɗauko wasu tsutsotsi sirara kamar zare ya sa wa mutum, su je su zauna cikin waɗannan hanyoyin na limf shekara da shekaru har su lalata su, ruwa ya rasa hanyar komawa ya taru a ƙafa ko a maraina. Maganin nan da ake bi gida-gida ana rabawa ana auna tsawon mutum da sanda, ibamektin da albendazol, wanda mu a unguwarmu ake karɓa a watsar, ashe har da wannan ake bayar da shi, kuma da shi aka katse yaɗuwar cutar a Filato da Nasarawa har aka sanar a 2017. Akwai wata mata da aka cire wa nono saboda sankara aka haɗa da kaluluwar hammata, hannunta na wannan ɓangaren ya kumbura suntum tana naɗe shi da bandeji. Sai wani yaro ɗan shekara bakwai haka da muƙamuƙinsa ya kumbura har ido ya rufe, nas tace irin limfomar yara ce da ake kira Bakit, sunan likitan da ya fara bayaninta a Yuganda a 1958, tana saurin girma ƙwarai amma kuma tana jin magani in an zo da wuri. Uwarsa tace wata biyu suka yi ana masa maganin hangum da ciwon haƙori a ƙauye. Har yau yaron nan yana faɗo min a rai.

Ranar aikin ba a sa ni barci ba, allurar kashe zafi akai min a wurin, aka rufe min fuska da koren ƙyalle aka juya kaina gefe. Zafi babu amma ina jin ana ja ana taɓawa, ina jin ƙarar almakashi dab da kunnena, ba abun da nake sai hasbunallahu wa ni'imal wakil. Wajen minti arba'in aka ɗinke. Likitan ya raba abun gida biyu, ɗaya a kwalba mai ruwan fomalin na masu duba nama a madubin likita, ɗayan a ruwan gishiri na na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tibi, ya ja wa Abban yara kunne yace kar a bari a haɗa su, wanda ya shiga fomalin ya tashi daga aiki a wancan gwajin. Haka bawan Allah ya riƙo naman wuyana a leda yana bin dogon baranda yana tambayar ina ne lab. Da nas ke min filasta naji likitan yana ce wa ɗalibansa da ya tsaga ta cikin fari ne dagargaje kamar cuku, ban san me hakan ke nufi ba a lokacin.

Kwanakin jira su ne mafi muni a duk jinyar, sun fi aikin, sun fi maganin. Dare yayi yara sun yi barci sai in ɗauki waya in ta karanta limfoma, duk alamar da aka lissafa ina da ita, dan alamominta da na tibi kusan ɗaya ne. Na rubuta basussukan da ake bina a bayan littafin darasi, na faɗa wa Yayata inda kuɗin adashi suke, in kalli autata tana barci in ce ko wa zai riƙe min ita.

Na GeneXpert ya riga fitowa, ita na'urar awa biyu ma ta ishe ta, kai da kawo ne ya mai da shi kwana uku. An ga ƙwayar tibi, kuma irin mai jin magani ce. Na naman ya biyo baya bayan sati uku ya tabbatar, ba sankara. Likitan yace Malama barka, nace barka da tibi likita? Yace eh, a cikin biyun nan ita nake miki fata. Nace ni da ko tari bana yi. Yace tibi ba huhu kaɗai take kamawa ba, tana kama ƙashin baya, ciki, har ƙwaƙwalwa, kuma in ta fita daga huhu wurin da ta fi zama shine kaluluwa, musamman ta wuya. Mutum zai iya shaƙar ƙwayar tun yana yaro ta kwanta shiru shekaru, sai ranar da jiki ya yi rauni ta tashi. Akwai kuma irin ta shanu da ake samu ta nonon da ba a tafasa ba. Na tuna kakanmu da ya rasu da tari a ɗakin da muke kwana muna ƙanana, na kuma tuna furar da bana iya yini ban sha ba, Allah kaɗai ya san ta inda ta shigo.

Aka tura ni ɗakin masu tibi, aka buɗe min kati, maganin kyauta ne ko sisi ban biya ba, bayan duk abun da gwaje-gwaje suka cinye mana. Wata shida ne. Wata biyun farko magani huɗu ne a dunƙule cikin ƙwaya ɗaya, rifamfisin, aisoniyazid, firazinamaid da itambutol, sauran wata huɗun kuma biyun farko kaɗai. Da nauyi ake bayarwa, a kilo 51 ƙwaya uku nake sha kullum da safe kafin in ci komai, da na haura 55 aka mai da ni huɗu. Ƙwayoyin manya ne jajaye, haɗiyarsu aiki ce. Aka ce in kawo wanda zai dinga tsayawa a kaina yana cike katin, Abban yara ya karɓi aikin, kuma wallahi ya fi hedimasta tsanani.

Sistar wurin ta zaunar da ni ta faɗa min abubuwan da nake so duk mace ta sani. Na farko fitsari zai koma ja kamar an zuba manja, har gumi da hawaye wani lokacin, rifamfisin ne ba jini bane. Allah ya saka mata, dan da bata faɗa ba da na ɗauka al'ada ce ta rikice in ajiye sallah. Na biyu, maganin yana rage ƙarfin ƙwayar tsarin iyali da ashanar hannu, mata da yawa sun yi ciki a haka ba shiri, dole na je aka canza min wata hanyar. Na uku in naga idona yayi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa ko gani na ya fara dishi-dishi in taho a ranar kar in jira ranar karɓar magani. Ni abun da ya same ni ciwon gaɓoɓi ne a wata na farko, gwiwa kamar ta tsohuwa, da tafin ƙafa yana min zir-zir kamar tafiyar kiyashi, aka bani bitamin B6 ya lafa.

Azumi ya same ni a tsakiyar wata na biyu. An ce min ina da uzuri in sha in rama, nace bari in gwada, sai na koma tashi tun kafin kowa in sha maganin da ruwa, in ɗora sahur, kafin a gama an samu kusan awa ɗaya sai in ci. Na sha guda shida ranakun da jiri ya yi yawa.

Abun da ya kusa sa ni watsar da maganin shine a sati na shida, ina ganin sauƙi, zazzaɓi ya tafi, ina cin abinci kamar gara, kawai sai ragowar kaluluwar ta ƙara kumbura ta yi laushi, wata sabuwa ma ta ɓullo a ƙasa. Hajiya tace ai dama na faɗa muku. Na koma asibiti a rikice nace ko dai an yi kuskure sankarar ce. Likita yace a'a, wannan sananne ne, garkuwar jiki ce ta farfaɗo ta hau faɗa da gawarwakin ƙwayoyin, ba maganin ne ya ƙi aiki ba. Ya zuƙe ruwan da sirinji sau biyu yace kar in fasa ko kwana ɗaya. Cikin wata guda ta sauka.

Na mutane kuma ba a magana. Duk da likita yace tunda huhuna lafiya lau bana yaɗa wa kowa, kuma an duba yara da babansu ba a ga komai ba, sai da aka ware min kofi a gidan suna, wata ƙawata ta daina turo yaranta gidana. Da farko abun yana min ciwo, daga baya na koma ni ke fara faɗa, in an ce me ya same ki a wuya in ce tibi ce ina shan magani, sai ka ga mai tambayar ta rasa abun cewa.

Ranar da na haɗiye ƙwayar ƙarshe damina ta yi nisa, aka auna ni kilo 59, Sista ta rubuta a katin cewa na kammala ta miƙo min tace in ajiye shi. Tabon yana nan, ɗan layi kamar tsawon ɗan yatsa ya bi lanƙwasar wuya, sai kuma wani ɗan tauri ƙarami kamar ƙwallon dabino da bai baje ba. Likita yace tabo ne a ciki zai iya zama haka har abada, in dai bai ƙara girma ba in ƙyale shi in daina latsawa. Ban daina ba, ko yanzu da nake rubutun nan hannuna na hagu yana kai.